Tatsuniyar Sindarela: Ina Asalinta, Kuma Me Aka Canza a Hanya?

Wata malamar firamare, wadda kuma uwa ce, ta aiko da tambaya. Ta ce 'yarta mai shekara bakwai ta kusa haddace fim ɗin Sindarela na kamfanin Disney, sai wata abokiyar aikinta ta gaya mata cewa labarin na asali cike yake da jini da yankan ƙafa, daga baya ne aka wanke shi domin a sayar wa yara. Tana so ta san ko maganar gaskiya ce, wane ne labarin na asali, kuma me aka canza.

Malama, abokiyar aikinki ta faɗi wani ɓangare na gaskiya, domin akwai tsohuwar sigar labarin da aka yanke yatsa da diddige a cikinta, kuma zan zo kanta. Inda maganarta ta kauce shi ne zaton cewa akwai labari guda ɗaya na asali wanda sauran suka ɓata. Sindarela tatsuniya ce, kuma kin san halin tatsuniya: tana yawo a bakin mutane shekaru aru-aru kafin wani ya kama ta ya sa a takarda, wanda ya rubuta ɗin ma siga ɗaya kawai ya kama daga cikin masu yawa. A shekarar 1893 wata Baturiyar Ingila mai nazarin adabin baka, Marian Roalfe Cox, ta tattara sigogi 345 na wannan labari da danginsa a littafi guda, kuma waɗanda suka biyo bayanta sun samo ɗaruruwa a kan nata. Saboda haka tambayar da za ta fi amfanar mu ita ce: me kowane mai ba da labarin ya riƙe, me ya zubar, kuma don wa ya yi hakan? Bayan shekarun da na yi ina karantar da waɗannan sigogi, abin da na fi ganin ya canza, wanda kuma ya fi jinin muhimmanci, shi ne inda taimako yake zo wa marainiyar.

Mafi tsufan abin da ake dangantawa da labarin yana cikin littafin Strabo, masanin ƙasa Bagirke wanda ya rayu a zamanin da aka haifi Annabi Isa, alaihis salam. Ya ce wata mace mai suna Rodofis tana wanka a garin Naukratis na ƙasar Masar, sai gaggafa ta fizge takalminta ɗaya ta tashi da shi har birnin Mamfis, ta sake shi a cinyar sarki yana zaune a fili yana shari'a. Kyan takalmin da mamakin yadda ya zo suka sa sarki ya aika a nemo mai shi, da aka same ta ya aure ta. Iyakar labarin ke nan. Babu kishiyar uwa, babu 'yan uba, babu wahala a gindin murhu; littattafan yara na zamani ne suka ƙara masa waɗannan domin ya yi kama da Sindarelar da aka sani.

Sigar farko da ta cika ta fito ne daga ƙasar Sin. Wani ma'aikacin gwamnatin daular Tang mai suna Duan Chengshi ya rubuta ta wajen shekarar 850, ya kuma ce ya ji ta ne daga bakin wani tsohon baran gidansa ɗan kudancin ƙasar. Wani shugaban ƙabila yana da mata biyu, ɗaya ta rasu ta bar 'ya mai suna Ye Shiyan, ba da daɗewa ba shi ma ya rasu, yarinyar ta koma hannun kishiyar uwarta, wadda take aika ta itace da ɗibar ruwa a wurare masu haɗari. Wata rana ta kamo wani ɗan kifi mai jajayen fukafukai da idanu kamar zinariya, ta riƙa ciyar da shi daga ɗan abincin da take ragewa har ya girma ta mayar da shi tafki. Kifin ba ya fitowa ga kowa sai ita. Matar uban ta sa rigar yarinyar ta je bakin tafki ta kira shi, da ya leƙo ta kashe shi, ta dafa ta cinye, ta binne ƙasusuwan a juji. Yarinyar tana kuka a daji sai wani mutum ya sauko daga sama ya gaya mata inda ƙasusuwan suke, ya ce ta ɓoye su a ɗakinta, duk abin da ta roƙa za ta samu. Daga ƙasusuwan nan ta sami tufafin biki da takalman zinariya, ta je bikin ƙabilarsu, aka kusa gane ta, ta gudu ta yar da takalmi ɗaya, takalmin ya bi hannun masu saye har ya kai ga sarkin wani tsibiri. Matar uban da 'yarta kuwa duwatsu ne suka faɗo musu suka mutu. Ki lura da tushen taimakon a nan: yarinyar ce ta fara ciyar da abin da ya zo ya cece ta, daga abincin da bai ma ishe ta ba. A wasu sigogin na Turai zumuncin ya fi wannan fitowa fili. A ta ƙasar Sabiya, uwar ce da kanta ta rikiɗa ta zama saniya, aka yanka ta, 'yar ta ƙi cin naman, ta tattara ƙasusuwan ta binne, daga kabarin nan kuma kayan adonta suka fito.

A Turai, wanda ya fara sa labarin a littafi cikakke shi ne Giambattista Basile, bafaden birnin Napoli a Italiya, a cikin tarin tatsuniyoyinsa guda 50 da aka buga tsakanin 1634 da 1636, bayan rasuwarsa. Ba don yara ya rubuta ba, don nishaɗin manya a fada ya yi, kuma hakan ya bayyana tun daga farkon labarin. Yarinyarsa, Zezolla, ta kai ƙarar matar ubanta wajen malamar da ke koya mata ɗinki, malamar ta ba ta shawara cewa idan matar ta sunkuya cikin babban akwati tana neman tufafi, ta sakar mata murfin a wuya. Zezolla ta aikata, matar ta mutu, sannan ta matsa wa ubanta har ya auri malamar. Da malamar ta zauna daram a gida sai ta fito da 'ya'yanta mata shida da ta ɓoye, aka tura Zezolla madafa, aka riƙa kiranta Kyanwar Toka. Wato a nan marainiyar da hannunta a cikin wahalar da ta same ta, kuma ba a hukunta ta a kan kisan ba. Taimakonta ya zo ne daga dabino: ubanta ya kawo mata shi daga wata aljana a tsibirin Sardiniya tare da fartanyar zinariya da gugar zinariya da ƙyallen siliki, ita ta shuka shi, tana yi masa noma da ban ruwa tana share shi safe da yamma har ya girma ya fara ba ta tufafi. Da aka zo gwajin takalmi, takalmin ne ya yi tsalle ya shige ƙafarta kamar yadda ƙarfe yake bin maganaɗisu. Ki riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi a wurin da ba ki zata ba.

Sigar da 'yarki ta sani jikar ta Charles Perrault ce, wanda ya buga tasa a Faransa a 1697. Perrault tsohon babban ma'aikaci ne a gwamnatin Sarki Luwi na 14, ya yi aiki ƙarƙashin minista Colbert, kuma masu karatunsa su ne manyan mata da fadawan Faris, waɗanda tatsuniyoyin aljanu suka zama musu abin yayi a zaurukan hira. Sunan da ya ba yarinyar, Cendrillon, daga kalmar toka yake a Faransanci. Da Bahaushe ne ya raɗa da sai ya ce Ta-toka. A wurin Perrault ne aka fara ganin kabewar da ta zama karusa, da ɓeraye shida da suka zama dawakai, da gafiya mai gashin baki da ta zama mai tuƙi, da ƙadangaru shida da suka zama zagage, da sharaɗin komawa gida kafin sha biyun dare, da takalmin gilashi. Za ki iya jin ana cewa wai takalmin na fatar wata dabba ne, aka yi kuskuren rubutu, domin kalmar verre mai nufin gilashi da vair mai nufin wannan fata lafazinsu ɗaya ne. Marubucin nan Bafaranshe Balzac yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan zance a ƙarni na 19, amma Perrault gilashi ya rubuta tun a kan sunan labarin, kuma gilashi ya fi dacewa da aikin da takalmin zai yi, tunda ba ya buɗewa ba ya miƙewa, ƙafar da ba tasa ba ba za ta shiga da dabara ba.

Babban canjin Perrault shi ne mai taimako. Ya kawar da ƙashi da kabari da bishiya, ya kawo aljana wadda take uwar baftismar yarinyar, wato matar da take tsaya wa jariri a coci ranar da ake yi masa baftisma, ta ɗauki alkawarin kula da shi. A Faransa ta wancan zamani iyaye sukan nemi mai hali ko mai faɗa a ji ya tsaya wa ɗansu, domin ya zame masa tsani idan ya girma, kusan yadda muke cewa wance uwar ɗakin wance ce. Perrault bai ɓoye wannan ma'ana ba. Ya rufe labarin da darasi biyu a waƙe: na farko cewa kyan hali da iya zama da mutane sun fi kyan fuska, na biyu kuwa cewa basira da ƙarfin zuciya da asali duk ba za su kai mutum ko'ina ba idan ba shi da ubangida ko uwar ɗakin da za su ɗaga shi. Magana ce ta mutumin da ya san fada ciki da waje, wanda shi kansa ya rasa muƙamansa a daidai lokacin da ubangidansa Colbert ya rasu a 1683. Haka kuma ya cire ramuwa gaba ɗaya. 'Yan uban sun faɗi a gabanta suna neman gafara, ta yafe musu, ta kai su fada, ta aurar da su ga manyan fadawa biyu a ranar. Yarinyar Perrault mai haƙuri ce har ta kai tana yi wa masu zaginta kitso da gyaran kai su tafi bikin da aka hana ta. An fassara littafin zuwa Ingilishi a 1729, daga nan sunan Sindarela ya samo hanya.

Jinin da abokiyar aikinki take magana a kai yana cikin sigar 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, kuma ki lura cewa tasu ta zo ne shekara 115 bayan ta Perrault, a 1812. Wato sigar da babu jini ta riga mai jinin shiga littafi. Sun fara tattara tatsuniyoyi ne a garin Kasel lokacin da yake ƙarƙashin mulkin Faransawa na zamanin Napoliyon, da niyyar adana abin da suke gani gadon Jamusawa ne, duk da cewa wasu daga cikin matan da suka ba su labaran jikokin Faransawa ne da suka yi hijira, waɗanda suka san tatsuniyoyin Perrault. Shi ya sa a bugun farko akwai karusa da sharaɗin tsakar dare, a bugun 1819 kuma suka cire su, suka ci gaba da gyara littafin har bugu na bakwai a 1857.

Wannan siga ce na fi so a karanta a tsanake, domin a cikinta uwa take raye bayan mutuwarta. Labarin ya buɗe da uwa a kan gadon ajali tana yi wa 'yarta wasiyya da tsoron Allah da kirki, tana cewa za ta riƙa dubanta daga sama. Wata rana uban zai tafi kasuwa ya tambayi 'yan matan abin da zai sayo musu. 'Ya'yan matarsa suka ce tufafi da lu'ulu'u, ita kuwa ta ce ya karyo mata reshen da ya fara taɓa hularsa a hanyar dawowa. Ta kai reshen kabarin uwarta ta dasa, ta yi ta kuka har hawayenta suka shayar da shi, ya zama bishiya, kullum sau uku take zuwa ƙarƙashinta ta yi addu'a, wani farin tsuntsu yana sauka a kai yana jefo mata abin da ta roƙa. Da ta nemi zuwa bikin sarki, matar uban ta zuba ƙananan wake a cikin toka ta ce ta tsince su cikin awa biyu, ita kuwa ta fita bayan gida ta kira tantabaru da kurciyoyi suka tsince mata. Babu wanda ya zo ya same ta tana kuka ya ce ga karusa. Ita take zuwa kabarin ta nemi riga, ita take tafiya bikin da ƙafarta dare uku a jere, ita take zaɓar lokacin gudu, ta ɓuya a ɗakin tantabaru yau, gobe ta haye bishiya. Takalmin zinariya ne, kuma ya maƙale ne saboda ɗan sarki ya sa an shafe matakalar da kwalta. Da aka zo gwaji, uwar ta miƙa wa babbar 'yarta wuƙa ta ce ta yanke babban yatsa, ai idan ta zama sarauniya ba za ta ƙara tafiya a ƙasa ba. Ƙaramar kuma ta sare diddige. Duk su biyun ɗan sarki ya ɗauke su a kan doki, sai da suka zo wucewa ta gefen kabarin kurciyoyi biyu da ke kan bishiyar suka yi kira cewa ya duba, akwai jini a takalmin, amaryar gaskiya tana gida. Ranar ɗaurin aure kurciyoyin suka ƙwaƙule wa 'yan uban idanu. Wannan hukunci na ƙarshe babu shi a bugun 1812, a 1819 aka ƙara shi, a daidai lokacin da Wilhelm yake gyara littafin domin ya dace da gidajen da ake karanta wa yara. A ganinsu azabtar da mugu tarbiyya ce. Abin da suka fi tsanantawa wajen cirewa shi ne zancen ciki da saduwa. Sun kuma mayar da uwa mahaifiya ta zama matar uba a wasu tatsuniyoyin, kamar ta yarinyar nan mai fari kamar ƙanƙara, domin ba su so a ce uwa ce ta nemi ran 'yarta.

Yawan matar uba a waɗannan labarai yana da tushe a rayuwa. A Turai ta wancan zamani mata da yawa suna mutuwa wajen haihuwa, mazan kuma sukan sake aure da wuri, sai a wayi gari 'ya'yan mace biyu suna gida ɗaya suna jiran gado ɗaya da kuɗin aurarwa ɗaya. Matar da ta fifita nata 'ya'yan tana yi ne a cikin wannan ƙunci, kuma tatsuniyar ta adana tsoron da marayu suke kwana da shi.

Da labarin ya hau dandamali sai ya bi abin da dandamali zai iya ɗauka. A wasan waƙa na opera da mai tsara kiɗa ɗan Italiya Rossini ya gabatar a birnin Rum a watan Janairun 1817, babu aljana babu kabewa: mijin uwa ne azzalumin, wani malamin ɗan sarki ne ya shiga gidan da shigar almajiri yarinyar ta ba shi abinci, kuma munduwa ce ta maye gurbin takalmi. A 1899 Georges Méliès ya mayar da shi fim a Faransa, domin rikiɗar kabewa ta ba shi damar nuna dabarun kyamara, a 1945 kuma aka yi shi da rawa zalla a Mosko da kiɗan da ɗan Rasha Prokofiev ya tsara.

Fim ɗin Disney ya fito a watan Fabrairun 1950, kuma ya rubuta a farkonsa cewa daga Perrault aka ɗauko shi, saboda haka ba daidai ba ne a ce sun wanke jinin Grimm, tunda ba wannan sigar suka bi ba. Kamfanin ya fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da bashin da ya haura dala miliyan 4, yana bukatar labarin da kowa ya sani wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba, kuma fim ɗin ya fitar da su kunya. Tatsuniyar Perrault 'yan shafuka ce, don haka suka cika lokacin da ɓeraye masu magana da muguwar kyanwa da waƙoƙi. Ya kamata a yi musu adalci a nan: da suka sa yarinyar tana ciyar da ɓerayen tana ɗinka musu riguna tana fitar da su daga tarko, su kuma suka gyara mata riga suka sato mabuɗin ɗakin da aka kulle ta, sun dawo da wani abu na tsohuwar tatsuniya wanda Perrault ya zubar. Rigar da suka gyara ɗin ma ta marigayiya uwarta ce, kuma ita ce 'yan uban suka yayyaga a jikinta. Amma daga wannan yagewar uwa ta fita daga labarin, aljana ta bayyana ba tare da an san daga ina ta zo ba, ta yi aikinta da sanda da waƙa ta ɓace, abin da fim ɗin yake nanatawa kuma shi ne mutum ya riƙe mafarkinsa zai tabbata. Wani canjin da ba a cika lura da shi ba ya shafi uba. A wurin Perrault uban yana raye, matarsa ce take juya shi, shi ya sa yarinyar ba ta kai masa kuka. A wurin Grimm yana raye, da bakinsa ya ce wa ɗan sarki babu wata 'ya a gidan sai wata 'yar tsurut da matarsa ta farko ta bari. Disney suka kashe shi tun a farkon fim, laifin duka ya koma kan mata uku. Wannan canji ya fi damuna a kan cire jini, domin tsofaffin masu ba da labarin sun san cewa ba a cutar marainiya a gida sai uba ya kawar da kai.

Daga shekarun 1970 marubuta mata a Amurka suka fara sukar wannan siga, suna cewa tana koya wa 'yan mata zaman jiran mai ceto, kuma marubuciya Jane Yolen ta nuna a wata maƙala ta 1977 cewa yarinyar tsofaffin tatsuniyoyi ta fi ta Amurka wayo da kuzari nesa ba kusa ba. Finafinan da suka biyo baya kusan duk amsa suke ba wannan suka. Na talabijin na 1997 ya ba mawaƙiya Brandy, baƙar fata, matsayin Sindarela, Whitney Houston kuma ta fito a aljana. Na 1998 wanda Drew Barrymore ta fito a ciki ya cire sihiri gaba ɗaya, ya sa yarinyar mai karatu ce da ta kuɓutar da kanta kafin ɗan sarki ya iso. Wanda Disney suka sake yi da mutane a 2015 ya dawo da uwa a kan gadon ajali da wasiyyarta, ya haɗa yarinyar da ɗan sarki a daji kafin biki domin kada a ce daren rawa ɗaya ya sa ta aure shi, ya kuma ba matar uban dalilin ɗacin ranta.

Kin tambaye ni labarin Turawa, amma ba zan rufe ba sai na gaya miki cewa muna da tamu a rubuce. Tana cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa wanda Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen ajami na malamai, da yawansu daga Sakkwato, kuma masanin adabin baka William Bascom ya yi nazarinta a 1972 a matsayin 'yar'uwar Sindarela a Afirka. Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowace da 'ya ɗaya. Bora ta rasu, 'yarta ta koma ɗakin kishiya, ita ce itace, ita ce ruwa, ita ce daka, abincinta kuwa ƙanzon tukunya. Takan je bakin kududdufi ta riƙa jefa wa kwaɗi ƙanzon nan suna ci. Ranar biki sai wani babban kwaɗo ya fito ya ce yau zai rama mata alheri, ya haɗiye ta ya amayo ta ta fito tsaf, ya amayo mata tufafi da mundaye da zobba da takalma biyu, ɗaya na azurfa ɗaya na zinariya, ya ce idan an kusa tashi daga wasa ta bar na zinariyar a can. Ɗan sarki ya tsinci takalmin, aka tara 'yan matan gari, da aka zo kanta takalmin ya rugo da kansa ya shige ƙafarta, kamar dai na Basile. Ciyar da abin ruwa da ragowar abinci, da gidan mata biyu, sun kuma yi daidai da labarin ƙasar Sin. Amma kwaɗon nan ya yi abin da babu aljanar da ta yi a Turai, domin ya san cewa a ƙasar Hausa samun miji ba shi ne ƙarshen wahalar marainiya ba: wa zai yi mata gara da kayan ɗaki? Shi ya amayo mata su, ya tsaya mata a matsayin uba, ya koya mata yadda za ta gaida kishiyoyi da mutanen gidan sarki. Tatsuniyar ba ta tsaya a ɗaurin aure ba. Matar uban ta yi dabara ta musanya amarya da 'yarta, rashin ladabin 'yar ya tona ta, aka sassare ta aka mayar gidansu, aka dawo da amaryar gaskiya.

Shawarata, Malama, kada ki hana 'yarki fim ɗin, kuma kada ki yi gaggawar karanta mata yankan diddige da ƙwaƙule ido tana shekara bakwai. Wannan zai jira ta ƙara girma. Abin da za ki iya yi tun yanzu shi ne ki ba ta ta kwaɗon da bakinki da dare, da gatanan gatananku da komai, ki sassauta hukuncin ƙarshe yadda kika ga ya dace da ita, kamar yadda kowane mai ba da wannan labari ya yi tun daga baran Duan Chengshi. Idan kin gama ki tambaye ta me ya sa kwaɗon ya taimaki yarinyar, sannan ki tambaye ta me ya sa aljanar fim ta taimaki Sindarela, ki saurari amsoshin biyu. Kada ki manta da wurin da tamu ta ƙare: da amaryar ta zauna a gidanta, abin da ta roƙi mijinta shi ne a haƙa mata rijiya a tsakar gida, aka haƙa, kwaɗon da jama'arsa duka suka taso daga kududdufi suka tare a ciki.